Korunya: Tarihin Birnin Baƙi a Gaɓar Galisiya

Birnin Korunya yana arewa maso yammacin Sifaniya, a yankin Galisiya, kan wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika. Mazaunansa sun kusa 250,000, suna jin Galisiyanci da Sifaniyanci. Tashar jiragen ruwa ce ta raya shi tun asali, shi ya sa tarihinsa ya ginu a kan masu shigowa da masu fita.

Rumawa sun zauna a wurin, suna kiransa Birigantiyum. Wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2 suka gina hasumiyar fitila don nuna wa matuƙa hanya, ita ce Hasumiyar Hakulis. An sabunta ta tsakanin 1788 da 1791. Tsayinta mita 55 ne, har gobe tana aiki, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009.

A 1208 Sarki Alfonso na 9 ya sake kafa garin. Daga nan masu ziyarar ibada daga Ingila suka riƙa sauka a tasharsa, su taka zuwa birnin Santiyago. Ba duk baƙi ne suka zo da alheri ba. A 1589 rundunar Ingila ƙarƙashin Francis Drake ta far wa garin, wata mace mai suna Mariya Pita ta shiga gaba wajen kare ganuwa har maharan suka janye. Babban dandalin garin sunanta yake ɗauke da shi. A 1809 sojojin Birtaniya suka gwabza da na Faransa a bayan gari, kwamandan Birtaniya John Moore ya rasa ransa, aka binne shi a lambun San Karlos.

Daga wannan tashar ce likita Balmis ya tashi a 1803 da marayu 22, don kai rigakafin agana nahiyar Amurka. Da yake babu hanyar adana ruwan lamba, sai a yi wa yara biyu, in ƙurjinsu ya nuna a ɗebo a yi wa na gaba, a haka har aka ƙetare teku.

A ƙarni na 19 aka lulluɓe fuskokin gidajen bakin tasha da barandar gilashi mai farin katako, wadda ke tare iska da ruwan sama, ta bar rana ta ɗumama ɗaki. Saboda su ake wa garin laƙabi da birnin gilashi. A wancan zamanin da bayansa, dubban 'yan Galisiya suka bi ta nan zuwa ci-rani a Kyuba da Ajantina. Mai zane Pikaso ya zauna a garin yana yaro, daga 1891 zuwa 1895.

A 1975 Amancio Ortega ya buɗe shagon Zara na farko a garin, harkar tufafi ta kawo ayyukan yi. Yanzu ƙaurar ta juya: mutane daga Latin Amurka da Senegal na zuwa su zauna.