3.4 Tarihin Ladabtar da Ɗalibai a Makarantun Fagge da Sabon Gari

A wannan kaso za a duba yadda ikon malami a cikin aji ya sauya a unguwannin nan biyu masu maƙwabtaka. Ra'ayin mai wannan nazari shi ne, a da can ba bulala ce take riƙe aji ba, mutanen da suke tsaye a bayan malamin ne.

Idan aka ɗauki Fagge, wadda tsohon zango ce ta fatake a wajen ganuwar Kano, za a ga cewa makarantar allo ce ta shimfiɗa tsarin ladabi tun kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Uba da kansa yake kama hannun ɗansa ya danƙa wa malam. Malamin nan maƙwabci ne, tare ake sahu a masallaci, kuma kowace Laraba yaro yana kawo masa kuɗin Laraba daga gida. Saboda haka yaron da aka zane ba shi da wurin kai ƙara, domin in ya kai gida ma ƙari zai samu. Gardawa kuma suna taya malam sa ido, wato aikin da monita ya gada a makarantar boko.

Sabon Gari, wadda Turawa suka keɓe wa baƙi daga kudu wajen 1913, ta bi wata hanyar ta iso wuri ɗaya. Makarantunta na mishan ne da na ƙungiyoyin ƙabilu. Iyaye suna biyan kuɗi, hedimasta kuma yana haɗuwa da su a coci ranar Lahadi, kora kuwa asara ce da abin kunya ga dangi baki ɗaya. Rikicin 1966 da yaƙin basasa (1967 zuwa 1970) sun watsa malamai da ɗalibai da dama, sannan a shekarun 1970 gwamnati ta karɓe yawancin makarantun.

Amma babban sauyi ya zo ne a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yaran da suka fito sun zarce lissafin da aka yi, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, wasu makarantu suka raba ɗalibai 'yan safe da 'yan rana. Malami ya zama ma'aikacin da aka turo daga ofis, bai san uban kowa ba, sau da yawa ma bai riƙe sunayen 'yan ajinsa ba. Bulala da tsallen kwaɗo da kamun kunne duk suna nan, sai dai babu kowa a bayansu. Wanda aka doka yau, gobe sai ya yi fashi.

Kuma a Fagge mai fashi yana da wurin zuwa. Ga Kantin Kwari, ga kasuwar Sabon Gari, inda yaro zai yi dako ko tsaron shago ya koma gida da kuɗi a aljihu. Yarinya kuwa sai ta sayar da tallan safe kafin ta sa kayan makaranta, don haka dukan makara da ake yi mata a bakin ƙofa hukunci ne a kan laifin da ba nata ba. Yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Buhari a 1984 ya tsananta maganar zuwa a kan lokaci da bin layi, amma bai rage yawan yara a aji ba.

A Sabon Gari akwai ƙarin matsalar harshe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na al'ummar da ake zaune cikinta, to amma a ajin da ya haɗa Bahaushe da Ibo da Bayarabe, wane za a ɗauka? Malamai da yawa sun zaɓi Turanci, har suna cin tarar wanda ya yi yarensu. Mai wannan nazari ya ga irin haka lokacin koyarwar gwaji a wata firamare ta yankin: monita ya kawo sunayen masu surutu, da aka bincika sai aka tarar yawancinsu tambayar na kusa da su suke yi da Hausa abin da malama ta faɗa.