Ƙasa Shaida ta Uku: Neman Kayan Zamanin Zuwan Turawa da Na'urar Gano Ƙarfe

Duk mai binciken labarin zuwan Turawa ƙasar Hausa shaidu biyu ya ke da su. Na farko takardun Turawan da kansu, watau rahotannin da Gwamna Lugga da hafsoshinsa suka aika Ingila. Na biyu abin da mutanen ƙasa suka riƙe, a waƙoƙin malamai na ajami da kuma a bakin tsofaffi. Shaidan farko wanda ya yi rinjaye ne, ya rubuta abin da ya ga ya dace manyansa su ji. Na biyu kuwa ya bi ta bakuna da yawa kafin ya iso hannun mai rubutu. Akwai shaida na uku wanda ba a cika tambaya ba, shi ne ƙasar da aka yi abin a kanta. Ƙarfen da ya faɗi ran yaƙi, ko kuɗin da ya suɓuce ran kasuwa, yana nan kwance inda ya faɗi, sai fa abin da garma da ruwan sama suka gusar.

Na'urar da a ke neman irin wannan ƙarfe da ita soja ma sun yi aiki da irinta. A cikin 1941 wani hafsa mutumin Folan, Yusufu Kosaki, ya ƙera wadda a ke gano nakiyar da aka binne da ita, aka yi aiki da ita a yaƙin Alamain a Masar cikin 1942. Bayan Yaƙin Hitila irinta ta shiga hannun farar hula. Yadda ta ke aiki kuwa, akwai faifai a ƙarshen sanda, da waya naɗe a ciki. In lantarki ya bi wayar sai ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙasa. In ya tarar da ƙarfe sai ƙarfen ya mayar da amsa, na'ura ta yi ƙara. Ga abu kamar kwabo, jinta bai cika wuce zurfin taƙi guda ba. A ƙasar Hausa kuma tana da abokan gaba biyu, watau marmara, wadda ita kanta akwai ƙarfe a cikinta, da kashin tama na tsofaffin maƙera. Dukansu su kan sa ta kuka a banza.

Abin da na'urar za ta iya yi wa tarihi an gan shi a Amurka. A cikin 1876 'yan asalin ƙasar suka hallaka rundunar Kasta a bakin kogin Litil Bighon, a jihar Montana. Cikin 1983 gobara ta cinye ciyawar filin, sai masana suka bi shi da na'ura cikin 1984 da 1985. Kowane kwanson harsashi suka samu sai sun sa shi a taswira kafin su ɗauka. Da ya ke kowace bindiga tana barin tabonta na musamman a gindin kwanso, sai suka iya bin sawun bindiga guda daga wannan tudu zuwa wancan. Da haka aka tabbata 'yan ƙasar suna da bindigogi masu yawa irin waɗanda ba a ɗura su ɗaya ɗaya, aka kuma ga labarin da tsofaffinsu suka bayar ya fi kusa da gaskiya bisa ga yadda aka ɗauke shi a da. Inda an tsince kwansunan an zuba a buhu, da ba abin da za a sani face an yi harbi.

To, ƙasar nan ba ta rasa irin waɗannan filaye ba. Kanar Molan ya shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, bayan igwa ta fasa masa hanya. Ran 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bakin Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'arsa, har ran 27 ga Yuli aka kashe shi a Burmi kusa da kogin Gongola, tare da ɗaruruwan mutanensa, aka kuma kashe Manjo Mash a wajen Turawa. A Satiru, kudu da Sakkwato, talakawa suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20 cikin Fabrairu 1906, har suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ran 10 ga Maris aka komo aka rushe garin, aka kashe mutane wajen 2,000, ba a sake zama a cikinsa ba. A irin waɗannan wurare tarin kwanso zai nuna inda sojoji suka ja daga, dalma ta nuna inda suka nufa da wuta, tsinin kibiya da bakin mashi da likkafa su nuna iyakar inda mayaƙan ƙasa suka kai. Rahoton hafsa ya kan ce an yi gaba da gaba. Ƙasa ce za ta faɗi ko masu gudu aka harba. Ban da filayen yaƙi akwai kangayen bariki, kamar na Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum, inda Gwamna ya zauna daga 1902 har aka koma Kaduna.

Gane abin da aka samu shi ne aiki na biyu, kuɗi kuwa su suka fi sauƙin ganewa. An fara buga kwabo da anini masu huda cikin 1907, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci, ba kan sarki a jikinsu sai kambi da suna. Aninin farko na sanholo ne, amma da aka ga ba ya jure wa ƙasar zafi sai aka sake masa ƙarfe cikin 1908. Har zuwa 1911 akwai sunan Nijeriya a jikinsu, daga 1912 sai sunan Afirka ta Yamma kaɗai. Taro da sisi da sule da dala na azurfa sun fito cikin 1913; cikin 1920 aka mai da su na gaci, saboda azurfa ta yi tsada. Akwai kwabo na 1936 mai sunan Sarki Edwad na Takwas, wanda ya sauka kafin shekarar ta ƙare. Ƙaramin harafi H ko KN alamar maƙerar da ta buga ce a Birmingham. Amma fa a lura, shekarar da ke jikin kuɗi ba ta faɗin ranar da ya faɗi. Abin da ta ke faɗi kawai shi ne bai faɗi kafin wannan shekara ba, domin kwabon 1908 ya iya yawo hannu da hannu shekara arba'in.

Harshe ma yana taimakon mai ganewa. Kalmar kwabo da sule da sisi duk daga Turanci aka aro su. Rabin kwabo kuwa ɗari a ke ce masa, watau sunan ya riƙe canjin wuri na wancan lokaci. Anini kuma suna ne na kuɗi da na maɓallin riga, saboda haka in tsoho ya ce an tsinci anini a gona, sai an tambaye shi wanne. Aninin rigar soja shi ma yana da shekara a ɓoye. An kafa rundunar Afirka ta Yamma cikin 1897, alamarta itacen kwakwa, ba a ƙara mata harafin R na sarauta ba sai 1928. Duk anini mai wannan harafi ba na Burmi ba ne, ko da a Burmi aka tsince shi.

Aiki na uku adanawa, a nan kuwa garin gyaran gira a kan rasa ido. Al'adar gida ita ce a goge tasa da toka da yashi da lemon tsami har ta yi ƙyalli. In aka yi wa kwabo ko kwanso haka, rubutun da tabon bindigar duk sun tafi. Koren da ya manne a jikin tagulla mai santsi kariya ne, a bar shi. Wanda ke fitowa kamar gari, kore shar, shi ne cuta. Gishirin ƙasa da laima ke kawo shi, yana ci har ya huda ƙarfen. Baƙin ƙarfe kuma da ya sha iska sai tsatsa ta tashi, ya riƙa ɓarewa, sau da yawa ma tsatsar ce kaɗai ta riƙe siffar kibiyar. Dalma ta kan yi farin gari mai guba, kuma tururin katako yana cinta. Abin da ya dace shi ne a kakkaɓe ƙasa da burushi mai laushi, a bar abin ya bushe, a sa kowanne a jakarsa da takardar inda aka same shi da zurfinsa da ranar, a ajiye inda laimar damina ba ta kai ba. Harsashin igwa wanda bai fashe ba, kada a taɓa shi ko kaɗan, a kira hukuma.

Doka ma ta yi magana. Tun 1953 aka yi dokar kayan tarihi, shekara guda bayan buɗe gidan tarihi na Jos. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana haƙa don neman kayan tarihi sai da izninta, ta kuma hana fita da su waje sai da takarda. Bayan dokar gwamnati akwai wata wadda ta fi ta nauyi a zukatan mutane. Burmi da Satiru maƙabartu ne, kuma zuriyar waɗanda ke kwance a can suna nan da rai. Ba shi halatta a kafa fartanya a wurin ba da yardarsu da ta malamai da sarakunan yankin ba.

Saboda haka nauyin yana kan jami'o'i da malaman kwalejojin horon malamai. Na'urar ta yi araha, kowa na iya sayenta, fili kuwa sau ɗaya a ke karanta shi, don abin da aka tone ba ya komawa mazauninsa. Ɗaliban da a ke koyarwa yau su ne za su zauna a ƙauyukan da ke kusa da waɗannan filaye. In an koya musu su rubuta inda manomi ya tsinci kwanso, su auna nisansa daga ganuwa ko wata kuka sananniya, su ɗauki abin da tsofaffi suka ce game da wurin, sa'an nan su sanar da gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano, to shaida na uku zai samu bakin magana a gaban sauran biyun.