Daga kaset ɗin wa'azi zuwa WhatsApp: wa ke fassara wa Maraɗi maganar gwamnati?



Duk mai sauraren shirin kiran waya a gidajen radiyon Maraɗi ya san akwai wata murya da ba ta ɓacewa. Ita ce mai cewa zamani ya lalace: ƴan mata sun koma TikTok, samari sun bar gona sun rungumi salula, fim ɗin Kano ya shiga ɗakin matan aure, ƴan siyasa kuma ba su tsoron Allah. A Yamai wasu na yi mata dariya, su ce ai Maraɗi ce, garin malamai da alhazai. Ni ba ni cikin masu dariyar, don da yawa daga abin da muryar ke faɗi gaskiya ne. Abin da nike so mu duba yau shi ne tarihinta: ina ta fito, wace hanya take bi ta iso kunnenmu, kuma mi ya sa wani lokaci takan ƙare da hayaƙi cikin gari.

Mu fara da abin da yaranmu da yawa ba su sani ba. Wanga gari da ake yi wa kallon cibiyar wa'azi, waɗanda suka guje wa jihadi ne suka kafa sarautarsa. Bayan Katsina ta faɗa hannun mutanen Shehu Usman Ɗan Fodiyo wajen 1807, jinin sarautar Katsina suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tibiri. A wancan zamani, in aka ce mutum mai riƙon abin da ya gada ne, to mai kare sarautar kakanni ake nufi, da Iya a fadar Maraɗi, da Inna a fadar Gobir, da borin da suke shugabanta. Masu kawo sabon abu su ne malaman da ke zuwa daga kudu. Ku riƙe sunan Iya, za mu komo kanta.

Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta cinye tsohon gari, Faransawa suka maido mutane bisa tudu, suka ja tituna a miƙe. Sabon garin kasuwa ce ta raine shi: gyaɗa da farko, daga baya fataucin kaya zuwa Najeriya, wanda ya bunƙasa lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970. Nan alhazan Maraɗi suka samu dukiya. Hanyar Ɗan Isa da Jibiya da kaya ke bi zuwa Katsina da Kano, ita ce kuma ra'ayi ke biyowa ya iso mana. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi a Radiyo Kaduna ba ya neman izinin jandarma kafin ya ƙetaro iyaka. An kafa Izala a Jos a 1978, ba a daɗe ba kaset ɗinta ya cika rumfunan kasuwa da motocin haya. Lokacin Janar Seyni Kountché ne ke mulki. Ƙungiyar addini guda ce gwamnati ta yarda da ita, wadda aka kafa a 1974, radiyo ma guda ne, Muryar Sahel. Amma wa zai tsare kaset? Ka saya, ka kwafa wa maƙwabci, matar da ba ta fita ta ji shi tana daka.

Wannan shi ne abu na farko da nike so a lura da shi. Masu kukan na'urar zamani a Maraɗi ba su taɓa gudun na'ura ba. Radiyo, kaset, lasifika bisa masallaci, CD, katin memori, yau kuma saƙon murya: kowane ya zo, su ne kan gaba wajen hawansa. Ban ga laifi a nan ba. Mai wa'azi inda mutane suke yake zuwa.

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofa. Ƙungiyoyin addini suka samu rajista, ciki har da ADINI-Islam ta mutanen Izala, gidajen radiyo masu zaman kansu irin su Anfani suka soma aiki. Daga nan ne muryar ta shiga siyasa sosai. Daftarin dokar iyali da aka yi ta gardama kansa a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka tsaya har aka aje shi. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. Ko kana goyon bayan wannan ko ba ka goyo, tambayi kanka: cikin mutum ɗari da suka yi ta muhawara kan takardun nan a majalisun shayi, nawa suka taɓa ganinsu da ido? An rubuta su da Faransanci, a ofisoshin Yamai. Abin da ya iso Tibiri da Jiratawa shi ne abin da wani ya ce wani ya ce an rubuta.

Sai shekarar 2000. A Oktoban 1999 gwamnan Zamfara, Ahmed Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'a, jihohin maƙwabta suka bi, har da Katsina. Mu nan abu biyu ya same mu lokaci guda. Ta radiyo da kaset muna jin ƴan uwanmu na kudu suna murna, a ƙasa kuma masu sayar da giya da mata masu zaman kansu da aka kora daga can suna ƙetarowa garuruwanmu na bakin iyaka. Ana cikin wannan zafi sai ga labarin FIMA, bukin nuna tufafin zamani na Alphadi. Na farko an yi shi a 1998 can cikin hamada wajen Agadas, ba mai gani sai baƙi. Na biyu aka ce kusa da Yamai za a yi shi, a watan Nuwamba, gwamnatin Tanja Mamadu na mara masa baya. A bakin gwamnati, buki ne na jawo baƙi da tallata aikin masaƙa da maɗinka. A kunnen talaka, an ce za a tara mata su yi yawo tsirara da kuɗin ƙasa, a shekarar da gero ya yi wuya.

Aka yi zanga-zanga a Yamai, washegari ta tashi a Maraɗi, garin da ke fiye da kilomita 600 daga inda za a yi bukin. Ba Alphadi a nan, ba mai tallar tufafi ko ɗaya. To wa fushin ya faɗa wa? Mashaya, rumfunan cacar PMU, ɗakunan mata masu zaman kansu, harabar mishan ta SIM, coci, da gidan Iya. E, Iyar nan da sarautarta ta girmi duk wata ƙungiya da ke garin. Wata Ba'amurkiya masaniyar tarihi, Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta yi rubutu kan wannan rana, ta kuma nuna cewa wa'azin da ake ta musaya a sabbin gidajen radiyo, na Musulmi da na Kirista, yana cikin abin da ya ɗumama gari tun kafin ranar. Mu masu aikin makirufo ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Amsar gwamnati ita ce kame da rusa wasu ƙungiyoyin addini. An yi bukin, baƙi suka koma gida, matan da aka ƙone wa ɗaki suka kwana waje.

Shekara 19 bayan haka, a watan Yunin 2019, gwamnati ta kai majalisa daftarin doka kan tsarin gudanar da ibada: gina wuraren ibada, wa'azi, da hanyar da kuɗi ke shigowa. Limamin masallacin unguwar Zariya, Shehu Rayadune, ya soki daftarin a huɗubar Juma'a, ya ce ya saɓa wa Musulunci. Ranar Asabar aka kama shi. Kafin gari ya waye an ƙone tayoyi a tituna, an cinna wa cocin Assemblées de Dieu wuta, har da motar fasto. Ranar Lahadi aka sake shi, ya fito ya roƙi mabiyansa su daina ƙone-ƙone. Sai ya ƙara wata magana da har yau nike ganin ba mu ba ta nauyinta ba: ya ce waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa, suka ce masa ita ce ta gwamnati, su ne suka sa shi cikin kuskure. Ranar Litinin 17 ga Yuni majalisa ta amince da dokar.

Ku duba fa. Malami ya fito da fuskarsa da sunansa, ya kwana a tsare, ya yi bayani gaban jama'a. Fasto ya yi asarar ɗakin ibada da mota, shi da ba ya cikin majalisa. Mai fassarar fa? Zamanin Turawa, tafinta mutum ne da kowa ya sani, in ya murɗe magana tsakanin kumandan da sarki, an san ƙofar gidansa. Tafintan yau saƙon murya ne na minti uku da aka turo daga wani zaure zuwa wani, ba suna, ba fuska, sai "a yaɗa saboda Allah". Kuma mu da muka yi lakwal, muka iya karanta takardar da kanmu, sau nawa muke zama mu karanta ta layi-layi ga iyayenmu? Mafi yawanmu sai dai mu yi tsaki da Faransanci a Facebook, mu ce jahilci ne.

Gwamnatoci kuma hanya guda suka sani. A 2019 aka kafa dokar laifuffukan intanet, a watan Yunin 2024 hukumomin soja suka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a. Dokar na iya kama wanda ya tura, amma ba ta sa wa manomin zogale a fadamar Jiratawa ainihin takardar a hannu cikin harshen da yake ji, balle ya gane ƙarya in ta zo.

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Ingilishi. An yi murna a nan, ni ma na yi. Amma kundin da ya ɗaga Hausar, da Faransanci aka fitar da shi, kuma jaridar gwamnati da ake buga dokoki a ciki da Faransanci take fitowa. Ni abin da zan auna sabon matsayin da shi ƙarami ne: ranar da za a kawo wata doka da ta taɓa aure, gado, wa'azi ko salula, shin gwamnati za ta fitar da fassararta ta Hausa mai hatimi tun kafin a zartar, a aiko gidajen radiyon Maraɗi mu karanta ta daga farko har ƙarshe, a kai kwafi fadar Sarkin Katsina da ta Sarkin Gobir a Tibiri, a raba wa limaman Juma'a tun ranar Alhamis?