Raunin da ake ji a ƙwallon ƙafa: tsautsayi ne ko da gangan, kuma wa zai ɗauki nauyi?

Tambaya: Ni mazaunin Ƙofar Dawanau ne a Kano. Ɗana ɗan shekara 19 ya karye a ƙwauri a wasan ƙwallo tsakanin unguwarmu da wata unguwa, wani mai tsaron baya ne ya share shi. Mun kai shi Asibitin Ƙashi na Dala an yi masa aiki. Abokansa sun ce da gangan aka yi, domin sun taɓa yin cacar baki da yaron. Shi kuma yaron ya rantse ƙwallo ya nufa. Yanzu yayyen ɗana suna maganar ramuwa. Ta yaya za a gane da gangan ne ko tsautsayi? Kuma akwai abin da ya hau kan yaron ko iyayensa?

Amsa: Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ba yaronka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ka sani, ya ɗan'uwa, mafi yawan raunin da ake ji a filin ƙwallo tsautsayi ne. Da yawa ma babu wanda ya taɓa mai raunin: yana cikin gudu ya juya, ƙafa ta kafe a ƙasa, jijiyar gwiwa ta tsinke, ko ya dira a rami ya yi targaɗe. Filayen unguwanninmu kuwa ka san su, ga tsakuwa ga kwari, yara kuma wani da takalmi mai ƙusa wani ƙafa ba komai, babu abin kare ƙwauri. Amma wannan ba ya nufin duk abin da ya auku bayan an busa usur ya zama halal. Jikin mutum yana da alfarma a cikin fili kamar yadda yake da ita a wajensa.

A mazhabar Imamu Malik, wadda kotunan shari'armu suke hukunci da ita, ta'adi a kan jiki iri biyu ne a zance mafi shahara: amdi, wato da gangan, da kuma kuskure. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun ƙara na uku a babin kisa, mai kama da amdi, inda mutum ya nufi duka da abin da ba ya kisa a al'ada sai aka mutu. A nan Hausarmu tana iya ruɗa mutum, domin kalmar ganganci tana ɗaukar ma'ana biyu. Idan direba ya yi gudun wuce sa'a muna cewa ya yi ganganci, alhali bai nufi kowa ba. Idan kuma muna fassara littafin fiƙihu mukan ce kisan ganganci, muna nufin wanda aka yi da nufi. Saboda haka idan abokan ɗanka suka ce ganganci ne, ka tambaye su wanne suke nufi.

Malamanmu na da ba su san ƙwallo ba, amma sun san kokawa da tsere da jifa na wasa, kuma sun yi magana a kansu. Abin da aka ruwaito daga Ibnul Ƙasim a cikin Mudawwana shi ne dukan da ya auku ta fuskar wasa, ba don gaba ko fushi ba, hukuncin kuskure yake ɗauka. Akwai waɗanda suka tsananta fiye da haka cikin almajiran Malik, amma a kan wancan aka fi tafiya. To asali ke nan a mas'alarka: mutum biyu da suka shiga wasa da yardarsu, abin da ya auku tsakaninsu a kan ƙwallo ana ɗaukarsa kuskure har sai hujja ta nuna akasin haka. Wanda ya ce da gangan ne, shi zai kawo hujja.

Mece ce hujjar? Ba zafin raunin ba ne. Karaya mai muni tana iya fitowa daga karon da babu mai laifi a cikinsa. A Nuwamba 2021 Victor Osimhen ya yi tsalle tare da Milan Škriniar na Inter, kowa yana neman sa wa ƙwallo kai, suka yi gware, ƙashin kuncinsa da na kewayen idonsa suka karye, abin da ya sa kuke ganinsa da baƙin abin rufe fuska. Rauni ne babba, amma ba wanda zai ce an nufe shi. Haka kuma tsohuwar cacar baki ita kaɗai ba ta isa ba, domin da wuya ka sami samari biyu da suke buga ƙwallo a unguwanni maƙwabta waɗanda ba su taɓa yin sa-in-sa ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce mutum ya yi iƙirari da bakinsa. Misalin da masu kallon ƙwallo suka fi sani shi ne na Roy Keane na Manchester United da Alf-Inge Haaland, mahaifin Erling Haaland. A 1997 Keane ya ji rauni a gwiwa, Haaland ya tsaya a kansa yana zarginsa da ƙaryar ciwo. A Afrilun 2001 suka haɗu, Keane ya ɗaga ƙafa ya doke shi a gwiwa, aka ba shi jan kati. Da littafin tarihinsa ya fito a 2002 da kalaman da suka nuna ya daɗe yana jiran wannan dama, sai hukumar ƙwallon Ingila ta sake hukunta shi, ta hana shi wasa 5 tare da tarar fam 150,000. Ka lura, aikin bai canza ba tsakanin 2001 da 2002, bayyanar niyya ce ta canza hukuncin. Bayan iƙirari sai shaidar adilai biyu a kan abin da suka gani ko suka ji: cewa ya yi alwashi kafin wasa zai karya wane, ko ƙwallo ta riga ta yi nisa ya bi mutum ya taka shi, ko wasa a tsaye yake ya kai masa naushi ko gwiwar hannu. Cizo da karo da ka bayan an busa usur ba sa cikin wasa ko kaɗan, babu mai fakewa da ƙwallo a kansu. Amma shaidar abokan ɗanka, waɗanda suke ƙungiya ɗaya da shi kuma suna cikin fushi, alƙali zai yi taka-tsantsan da ita.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to harshe ya kame. Na tuna daren 26 ga Mayu 2018, cikin azumi ne ma, da Sergio Ramos ya faɗi tare da Mohamed Salah a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, kafaɗar Salah ta samu matsala ya fita yana hawaye. Washegari samari a bakin masallaci suna rantsuwa da Allah cewa da gangan ne, wasu har da tsinuwa. Alƙalin wasa bai busa laifi ba, shi Ramos bai amsa ba, babu wanda ya shiga zuciyarsa. Kana iya cewa riƙon bai yi kyau ba, wannan abu ne da ido ya gani. Amma rantsuwa a kan niyyar wani, don kawai ka maimaita bidiyo sau goma a waya, tana cikin zaton da Suratul Hujurat aya ta 12 ta yi hani da shi. Nan kuma nake jan kunnen iyaye, musamman iyaye mata da tausayi kan ɗauke su, game da cewa jifa aka yi wa yaro ko 'yan wancan ɓangaren sun binne wani abu a fili. Tuhumar Musulmi da sihiri ba tare da hujja ba ta fi tuhumarsa da keta nauyi.

Akwai mataki na tsakiya, kuma ina kyautata zaton a nan mas'alarka take. Shi ne wanda ƙwallo ya nufa da gaske, amma ya shiga da ƙafa biyu ko ya ɗaga ƙusoshin takalmi, bai damu da abin da zai sami ɗan'uwansa ba. Dokar ƙwallo ita kanta ta raba laifi uku: rashin kula, wanda bugun tazara kawai ake bayarwa, da shiga ba tare da damuwa da hatsari ba, mai jawo katin gargaɗi, da amfani da ƙarfin da ya wuce kima, mai jawo jan kati. 'Yan Najeriya ba su manta da yadda Blaise Matuidi na Faransa ya taka Ogenyi Onazi a gasar cin kofin duniya ta 2014 ba, aka fitar da shi a kan makara, shi kuma ya nemi afuwa bayan wasan. Irin wannan babu ƙisasi a cikinsa tunda ba a tabbatar da nufi ba, amma sakaci ne, kuma mai sakaci yana lamuni. Katin alƙalin wasa alama ce da alƙalin shari'a zai iya dubawa, ba shi ne hukuncin ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta biyu. Mutane suna zaton da an ce kuskure ne shi ke nan. A'a. Kuskure yana ɗauke zunubi, kamar yadda Suratul Ahzab aya ta 5 ta nuna, yana ɗauke ƙisasi, amma Suratun Nisa'i aya ta 92 ta wajabta diyya a kisan kuskure, gaɓɓai ma haka. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Ido ɗaya ko ƙafa ɗaya da ta lalace gaba ɗaya rabin diyya ne, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5, wato dinari 50. Abin da ya kai sulusin diyya a kuskure dangin mai laifi na wajen uba ne suke haɗuwa su biya, abin da bai kai ba daga aljihunsa. Yaron da bai balaga ba, ko da gangan ya yi, hukuncin kuskure ake ba shi. Wasu malaman wannan zamani suna ganin karon da ya auku cikin ƙa'idar wasa, ba tare da sakacin kowa ba, babu lamuni a cikinsa saboda kowa ya shiga da yardarsa, kuma zuciyata ta fi natsuwa da wannan.

Game da karayar ƙwauri kuwa, ba a yanke komai sai ta warke. Idan ƙashi ya haɗe ya koma yadda yake, babu wata diyya ƙayyadajjiya a kuskure a wurin Malik. Idan ya warke da ɗingishi ko gajarta, alƙali zai ƙimanta naƙasar da taimakon likita. Sai dai Ibnu Arafa, malamin Tunis da ya rasu a shekara ta 803 bayan Hijira, ya kyautata ra'ayin cewa raunin da ba shi da diyya ƙayyadajjiya, wanda ya jawo shi ya biya ladan likita da kuɗin magani. Da wannan nake ba da fatawa idan sakaci ya tabbata, domin kowa ya san abin da aikin ƙashi yake ci a yau. Ka ajiye rasitai da hoton ƙashi.

Idan kuwa amdi ya tabbata, haƙƙin ƙisasi yana nan bisa Suratul Ma'ida aya ta 45, ban da wuraren da ake tsoron halaka kamar cinya da ƙashin baya, su diyya ake karɓa. Kocin da ya ce wa yaro je ka cire mana wane ya yi tarayya a zunubin, kuma littattafanmu sun ɗora hukunci a kan uba ko malamin da ya umarci ƙaramin yaro da ta'adi. Amma ƙisasi aikin hukuma ne a gaban alƙali. Abin da yayyen ɗanka suke shiryawa, ko a wasa na gaba ko a lungu, sabon laifi ne da za a kama su da shi, kuma mun ga yadda rigimar ƙwallo take rikiɗewa ta zama faɗan daba tsakanin unguwanni a garin nan. Ka tsawatar musu yau, kada ka bari sai gobe. Ka tuna musu da ƙissar Rubayyi'u 'yar Nadru da Buhari ya ruwaito: ta karya wa wata yarinya haƙori, dangin yarinyar suka ƙi karɓar diyya, Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya yi hukunci da ƙisasi, daga baya su da kansu suka haƙura suka janye. Wurin shugaba suka kai ƙara, ba su rama da hannunsu ba.

Shawarata ita ce ka sa mai unguwarku da limaminku su kira mahaifin yaron, a nemo alƙalin wasan da dattawa biyu da suka kalli wasan waɗanda ba sa cikin kowane ɓangare, a ji yadda aka yi sharar. Idan ta bayyana shigar hauka ya yi, su ɗauki kuɗin magani ko abin da aka daidaita a kai, a rubuta a sa hannu, a bar maganar naƙasa sai likita ya sallame shi. Idan ta bayyana karo ne kawai, ka karɓi rantsuwarsa, abin da suka kawo na dubiya kuma kyautatawa ce. Idan sulhu ya gagara, kotun shari'a tana nan.

Allah ne Mafi sani.