Motsa jiki da ƙarfin zuciya da huhu ga yara masu lalurar galahanga

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, lalura ce da ke shafar yadda yaro ke magana, da yadda yake mu'amala da mutane, da kuma yadda yake jure ƙara ko haske ko taɓi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, yara masu ita ba sa motsa jiki kamar tsararrakinsu, don haka ƙarfin zuciyarsu da huhunsu yakan gaza.

Ana auna wannan ƙarfi ne da yawan iskar oksijin da jiki ke iya amfani da ita a minti guda yayin aiki mai wahala. Abin da ke gina shi kuwa shi ne motsi mai ɗorewa da ke sa haki: tafiya da sauri, gudu, tuƙa keke, iyo, tsallen igiya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 a kullum, kuma ba ta cire masu lalura ba.

Ba ƙiwa ce ke zaunar da yaron ba. Da yawansu na fama da daidaita hannu da ƙafa. Wasan ƙwallo cike yake da ihu da busar usur da dokokin da ba a faɗa da baki, sai yaron ya janye, ko malami ya ajiye shi a inuwa da sunan tausayi. Wasu magungunan da ake ba su, kamar Risperidone, na ƙara cin abinci da ƙiba, wanda ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini a gaba.

An fi samun nasara idan aka fara da minti biyar ko goma, a lokaci ɗaya da wuri ɗaya kullum, aka nuna wa yaron a aikace maimakon dogon bayani. Bincike ya nuna hakan kan kyautata barci, ya kuma rage maimaita motsi na ɗan lokaci. Amma ba ya warkar da galahanga, kuma duk wanda ya ce yana warkarwa to kasuwarsa yake ci.

Yaron da ke da farfaɗiya ko matsalar zuciya sai likita ya duba shi tukun. A bakin ruwa kuwa kada babba ya ɗauke ido ko daƙiƙa ɗaya, domin nutsewa na cikin manyan haɗurran da ke halaka waɗannan yara.