Layin dogo a kan teburi: Yadda ake gina ƙananan jiragen ƙasa da garuruwansu

Gina ƙaramin layin dogo sana'a ce ta hannu, wadda a cikinta ake kwaikwayon jirgin ƙasa na gaske tare da duk abin da ke kewaye da shi: tashoshi, gadoji, duwatsu, gonaki, gidaje da mutane. Jiragen suna tafiya da wutar lantarki a kan teburi ko dandamalin katako. Sana'ar ta fi ƙarfi a Jamus, Ingila, Amurka da Japan, inda take da ƙungiyoyi da mujallu da kamfanoni nata.

Asali

Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya fito da layuka masu faɗi daidaitacce a bajekolin birnin Leipzig a 1891. Daga nan mai saye ya samu damar ƙara layi da taragu sannu a hankali, duk su dace da juna. Da farko kayan wasan yara ne. Daga baya manya suka karɓe shi, suka mayar da hankali ga kamanta gaskiya.

Ma'auni

Komai a wannan sana'a ma'auni ne ke riƙe da shi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne H0, inda ake rage kowane abu sau 87. Faɗin layin dogo na zamani, irin wanda ya haɗa Abuja da Kaduna, milimita 1,435 ne. A ma'aunin H0 yana komawa milimita 16.5. Mutum kuwa ba ya wuce kimanin santimita 2. Akwai ma'aunin N, mai rage abu sau 160, da na Z, mai rage shi sau 220, wanda Märklin ya fitar a 1972. A Ingila an fi amfani da OO, mai ragi sau 76. Idan aka sa gida ko mota da ba su bi ma'aunin jirgin ba, ido yana ganewa nan take, aikin kuma ya lalace.

Sai dai ma'aunin yana zuwa da matsala. Kilomita ɗaya a H0 yana cin wajen mita 11.5, don haka layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 186, zai buƙaci fili fiye da kilomita biyu. Ba ɗakin da zai ɗauki wannan. Saboda haka magina suna zaɓar abubuwan da ke sa a gane wuri, kamar ginin tasha ko wata fitacciyar gada, su taƙaita tazarar da ke tsakani. Sukan kuma sa gidaje mafi ƙanƙanta can baya, domin mai kallo ya ɗauka nesa suke.

Yadda ake aikin

Ana farawa da zane a takarda ko kwamfuta, sannan a harhaɗa dandamali. Bayan an shimfiɗa layi an ja waya, sai a yi ta gwada jirgi kafin a taɓa komai na ado, domin gyaran layin da dutse ya rufe yana da wuya. Hawa ba ya so ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, in ba haka ba kan jirgin zai kasa jan taragu.

Tuddai da duwatsu ana sassaƙa su ne daga soso mai tauri, ko a ɗaura ragar waya a lulluɓe ta da ƙyalle mai filasta, a shafa fenti mai launin ƙasa. Tsakuwar layi ana barbaɗa ta a bushe, a daidaita da buroshi, sannan a ɗiga mata gam da aka tsinka da ruwa, da ɗigon sabulu don ya ratsa. Ciyawa kuwa zaruruwa ne ƙanana da wata na'ura ke cika su da cajin lantarki, su faɗa kan gam a tsaye kamar sun tsiro. Itatuwa ana murɗa su daga siraran wayoyi, kogi kuma a zuba shi da wani ruwan roba mai daskarewa garai-garai.

Matakin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne tsufar da kaya. Sabon abu daga kanti yana ƙyalli, alhali jirgin gaske yana ɗauke da tsatsa, ƙura, baƙin mai da hayaƙi. Gwani yakan yi nazarin hotuna ya ga inda ruwan sama ke zubo da tsatsa a jikin tarago, da inda sawun mutane ya kashe ciyawa, sannan ya kwaikwaya da garin launi da fenti tsararo.

Mafi girma a duniya

A birnin Hamburg na Jamus ne ake da Miniatur Wunderland, wanda kundin Guinness ya amince shi ne mafi girma a duniya. Tagwaye biyu, Frederik da Gerrit Braun, suka fara gina shi a ƙarshen 2000 a cikin tsoffin rumbunan ajiyar kaya na unguwar Speicherstadt, aka buɗe shi a 2001. Tsawon layukansa ya haura kilomita 16. Kowane minti 15 fitilu suna kawo dare su mayar da rana. Akwai sashen da ƙananan jiragen ruwa ke yawo a kan ruwa na gaske, da filin jirgin sama da aka buɗe a 2011, inda jirage ke tashi da sauka. Yanzu yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Jamus.

Adana tarihi

Amfanin sana'ar ya wuce nishaɗi. Roye England, ɗan Ostireliya da ya zauna a Ingila, ya lura cewa tsoffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa suna ɓacewa. Sai ya shiga auna su yana ɗaukar hotunansu, ya sake gina su da kwali a ma'auni. Aikin nasa ne ya zama gidan tarihi na Pendon, da aka kafa a 1954, inda har yau ake ganin karkarar Ingila ta wajen 1930 yadda take.

Irin wannan aiki kuma yana iya salwanta. John Allen, wanda Amurkawa ke ɗauka a cikin manyan gwanayen sana'ar, ya shafe shekaru yana gina layinsa a gidansa da ke jihar Kalifoniya. Kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa a 1973, gobara ta cinye shi. Hotunan da ya ɗauka da kansa suna cikin 'yan abubuwan da suka rage, kuma daga gare su magina ke ci gaba da koyo.