Asalin Kalmar "Selenophile" da Ma'anarta

Daga cikin kalmomin Ingilishi da suka yaɗu ta hanyar intanet akwai selenophile, wadda ake nufin mai ƙaunar wata da ita. Duk wanda ya dubi sigarta zai zaci daɗaɗɗiyar kalmar Girkanci ce, alhali kuwa sassanta ne kawai tsofaffi, haɗin nasu sabo ne.

Sassan biyu ne: selene, wato wata, da philos, wato masoyi. Masana tushen kalmomi suna danganta na farkon da selas, ma'ana haske. Selene kuma shi ne sunan allahiyar wata a wurin Girkawan dā, wadda mawaƙi Hesiod ya ambata a matsayin 'yar'uwar Helios, wato rana. Sai dai a inda Girkanci ya ƙiri kalma daga wata don bayyana halin mutum, cuta ake nufi: aikatau seleniazomai, wanda ya zo a Linjilar Matiyu, farfaɗiya yake nunawa. Haka luna ta Latin ta haifar da lunatic, wato mahaukaci.

Ta ƙofar kimiyya ce selene ta shiga harsunan Turai na zamani. A 1647 Johannes Hevelius ya wallafa Selenographia, littafin taswirar wata. A 1817 Berzelius, masanin sinadarai na ƙasar Suwidin, ya gano wani sinadari mai kama da tellurium, wanda sunansa ya fito daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, don haka ya raɗa wa nasa suna selenium. Daga nan ne selenophile ta sami ma'anar da ƙamus ɗin Merriam-Webster ya ba ta, wato tsiron da ke zuƙar selenium mai yawa daga ƙasa. Ma'anar masoyin wata kuwa an ƙera ta ne bisa kwaikwayon bibliophile, mai son littattafai. Mai fassarar da ya haɗu da kalmar a littafin ilmin tsirrai ya kawo zancen soyayya, ya yi ɓaran-ɓarama.

Mayar da ita Hausa ma da ɗan tarko. Tun da rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, "masoyin wata" na iya zama masoyin wata mace. "Masoyin farin wata" ya kawar da wannan shubuha, ko da yake ya taƙaita ma'anar ga hasken watan kaɗai.